Haɗakar ƙungiyoyin matan Afganistan: me ta yi, me ya rage daga cikinta?

Wata 'yar'uwa da ke jagorantar ƙaramar ƙungiyar mata masu sana'ar hannu ta aiko da tambaya. Ta ce ta sha jin ana ambaton wata haɗakar ƙungiyoyin matan Afganistan a labarai. Tana son ta san wane aiki haɗaka ke yi wanda ƙungiya guda ba za ta iya ba, ko gaskiya ne Turawa ne suka kafa ta da kuɗinsu, kuma ko akwai abin da ya rage daga cikinta tun da Taliban ta koma mulki.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi wa ƙungiyarku albarka. Na daɗe ina bibiyar wannan lamari, kuma zan fara da maganar Turawa, domin ita ce ta fi yawo a bakin mutane.

Haɗakar da kike ji ana kiranta AWN a taƙaice, wato Afghan Women's Network da Turanci. A harshen Dari, ɗaya daga cikin manyan harsunan ƙasar, sunanta Shabaka-ye Zanan-e Afgan, kuma kalmar shabaka ita ce dai ta Larabci da ke nufin raga, irin wadda masunta ke jefawa a ruwa. An kafa ta a 1995, shekara shida kafin sojan Amurka ya taka ƙasar. A lokacin ɓangarorin mujahidai na luguden rokoki a kan Kabul, kuma 'yan Afganistan fiye da miliyan guda na zaman gudun hijira a Pakistan. A can, a biranen Peshawar da Islamabad da Kwetta, mata masu ilimi da suka gudo sun riga sun kafa ƙananan ƙungiyoyi. Likita Sima Samar ta kafa ƙungiyar Shuhada a Kwetta a 1989, tana kula da lafiyar mata 'yan gudun hijira. Cibiyar ilimin mata ta AWEC ta fara aiki a Islamabad a 1991. Sakena Yacoobi ta kafa cibiyarta ta koyarwa a 1995. Kafin su duka akwai RAWA, wadda Meena ta kafa a Kabul tun 1977, aka kashe ta a Kwetta a 1987. Kowace tana fama a nata lungun, wata da asibiti, wata da ajin yaƙi da jahilci, wata da keken ɗinki.

A watan Satumba na 1995 aka yi babban taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya a Beijing. Matan Afganistan ƙalilan ne suka samu zuwa, kuma abin da suka gani ya dame su: matan wasu ƙasashe sun zo a dunƙule, da takardar buƙatu guda, su kuwa ba su da bakin da zai yi magana da yawunsu. Da suka koma Pakistan suka zauna suka ɗaura tsintsiyarsu. Afifa Azim da Palwasha Hassan na cikin waɗanda suka fara. Shekara guda bayan haka Taliban ta kama Kabul, ta rufe makarantun mata, aka shiga zamanin karatu a ɓoye cikin gidaje. Cibiyar Sakena Yacoobi kaɗai ta tallafa wa irin waɗannan makarantun gida kusan 80. Saboda haka wanda ya ce miki Turawa ne suka haifi wannan yunƙuri bai san tarihinsa ba. Amma wanda ya ce kuɗin Turawa ya shige shi daga baya har ya sauya masa kama, wannan ya faɗi gaskiya, kuma zan dawo kansa.

Idan kina son ki gane siffar haɗakar, ki tuna FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. Kowace ƙungiya tana nan da sunanta da shugabanninta da aikinta, uwar ƙungiya kuma tana zama inuwar da ake taruwa a ƙarƙashinta. Haka AWN take. Bayan faɗuwar Taliban a ƙarshen 2001 ta mayar da ofishinta Kabul, ta buɗe rassa a Herat da Jalalabad da wasu larduna, har ta kai tana da ƙungiyoyi sama da 120 da ɗaiɗaikun mata fiye da 3,000 a rajistarta. Ita kanta ba ta cika gina asibiti ko makaranta ba. Mambobinta ke wannan. Aikinta shi ne ta ji abin da ke damun mambobi, ta tace shi, ta kai shi inda ake yanke hukunci, sannan ta zuba ido a kan abin da aka yanke.

Wannan zuba idon shi ne aikin da ƙungiya guda ba ta iyawa, don haka bari in tsaya a kansa.

Tsarin mulkin 2004 ya ce a sashe na 22 mace da namiji daidai suke a gaban doka, ya kuma ware wa mata kujeru 68 daga cikin 249 na majalisar wakilai. A takarda abin ya yi kyau. Amma doka ba ta tsare kanta. A 2009 majalisa ta zartar da dokar iyali ta mabiya Shi'a mai ɗauke da sassan da ke hana mace fita ba da izinin miji ba sai da wata larura, kuma Shugaba Hamid Karzai ya sa hannu. Mata 'yan ɗaruruwa suka fito zanga-zanga a Kabul a watan Afrilu, aka jefe su da duwatsu, ƙungiyoyi suka bi sassan dokar ɗaya bayan ɗaya da lauyoyinsu, har aka yi mata gyara, ko da yake gyaran bai gamsar da su ba. A watan Agusta na wannan shekarar Karzai ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mata, wadda ta lissafa laifuffuka 22, ciki har da auren dole da aurar da ƙaramar yarinya da abin da suke kira baad. Baad al'ada ce da idan wani ya yi kisa, sai danginsa su ba dangin mamaci yarinya a matsayin sulhu. Yarinyar da ba ta san hawa ba balle sauka ita ke biyan jinin da wanta ko kawunta ya zubar, a gidan da kowa ke kallonta da idon ƙiyayya. Babu wannan a Musulunci, kuma da hujjar Musulunci matan suka yaƙe shi.

Sai maganar gidajen mafaka, waɗanda suke kira khana-ye amn, wato gidan aminci. Mary Akrami ta buɗe na farko a Kabul a farkon shekarun 2000. Ki fahimci dalilin da ya sa suke da muhimmanci a can: macen da ta gudu daga duka sau da yawa kurkuku ake kai ta a kan laifin gudu daga gida, duk da cewa kundin hukunta laifuffuka bai san da wannan laifi ba. A 2011, bayan wani gidan talabijin ya yi ta yaɗa cewa gidajen mafaka matattarar baɗala ce, gwamnati ta fito da daftarin da zai mayar da su duka hannunta, a riƙa gurfanar da mace gaban kwamiti kafin a karɓe ta, har da gwajin budurci. Gidajen mafaka a duk ƙasar ba su wuce goma sha 'yan kai ba a lokacin, kowanne a hannun ƙungiya daban. Da kowace ta yi magana ita kaɗai, da an bi su ɗai-ɗai an rufe musu baki. A ƙarƙashin haɗaka suka yi magana, kuma ƙa'idar da aka amince da ita daga baya ta bar gidajen a hannun ƙungiyoyi. Haka a farkon 2014, wani sashe a sabuwar dokar shari'ar laifuffuka ya so ya hana dangi ba da shaida a kan ɗan'uwansu da ake tuhuma. Duka a cikin gida wa ke ganinsa in ba dangi ba? Aka yi ca a kai, Karzai ya mayar da dokar a gyara. Jumla ɗaya ce cikin doka mai ɗaruruwan sassa. Sai da wadda aikinta kenan ta zauna ta karanta kafin a gano ta, kuma ƙungiyar da ke fama da ciyar da marayu a Bamiyan ba ta da wannan lokacin.

Ba kullum ake cin nasara ba, ba kuma kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Dokar hana cin zarafin mata da umarnin shugaban ƙasa ta fito, majalisa ba ta taɓa amincewa da ita ba. A watan Mayu na 2013 'yar majalisa Fawzia Koofi ta kai ta zaure don a tabbatar da ita, alhali da yawa daga cikin ƙungiyoyin mata sun roƙi kada a kai, don sun san yawan masu adawa. Ba a daɗe da fara muhawara ba kakakin majalisa ya dakatar da ita, saboda wasu na neman a cire ƙa'idar shekarun aure da gidajen mafaka. A ganina masu cewa kada a kai su ne da gaskiya, kuma ranar ta nuna cewa haɗaka tana iya ba da shawara amma ba ta iya ɗaure hannun kowa. A shekarar ce kuma aka rage kason mata a majalisun larduna daga kashi 25 zuwa 20, ba su iya hanawa ba.

A fagen sulhu ma haka aka yi ta ja. Sun matsa har mata suka samu kusan kashi ɗaya cikin biyar na kujerun babban taron zaman lafiya na 2010, amma majalisar sulhu da aka kafa bayansa mata 9 ne cikin mutum 70. Kafin tattaunawa da Taliban, AWN ta haɗa hannu da ma'aikatar mata da ofishin uwargidan shugaban ƙasa, Rula Ghani, aka ji ra'ayin mata kimanin 15,000 a larduna 34, aka yi gangami a Kabul a watan Fabrairu na 2019. Da aka zauna da Taliban a Doha, babban birnin Qatar, a watan Satumba na 2020, mata huɗu ne cikin wakilan gwamnati 21: Fawzia Koofi, Habiba Sarabi, Fatima Gailani da Sharifa Zurmati. Yarjejeniyar da ta yanke makomar ƙasar kuwa, wadda Amurka da Taliban suka sa wa hannu ranar 29 ga Fabrairu 2020, an ƙulla ta ba da gwamnatin Afganistan ba, balle matanta.

Sai maganar raya al'umma, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata, domin mafi yawan matan Afganistan a karkara suke, nesa da zauren taro. Abu biyu suka fi taɓa rayuwarsu. Na farko shirin da aka fara a 2003 na kafa majalisun raya ƙauyuka, da suke kira shura. Ƙauye zai zaɓi wakilansa, a ba shi kuɗi gwargwadon dala 200 a kan kowane gida, kada ya wuce dala 60,000, mutane su zaɓi abin da za a yi da shi: rijiya, gada, hanya ko ƙaramin injin wuta. An kafa irin waɗannan majalisu sama da 30,000, kuma sharaɗi ne a sa mata, ko dai a zauna tare ko su yi tasu shurar daban. A wasu ƙauyuka sunan mace kawai aka rubuta, mijinta ke magana. A wasu kuwa wannan ne karo na farko da aka tambayi mata inda za a haƙa rijiya, alhali su ke ɗibar ruwan.

Na biyu shi ne ungozomomi. Wani bincike na 2002 ya ƙiyasta cewa cikin haihuwa 100,000 mata 1,600 ke mutuwa, a gundumar Ragh ta lardin Badakhshan kuwa adadin ya kai wajen 6,500. Ƙwararrun ungozomomi a duk ƙasar 467 ne a lokacin. Dabarar da aka yi ita ce a je wa dattawan ƙauye, su da kansu su zaɓi 'yarsu mai ɗan karatu, iyayenta ko mijinta su yarda, a horar da ita kusan shekara biyu a makarantar da ke da ɗakin kwana da wurin renon yara, da sharaɗin ta koma garinsu ta yi aiki. A 2005 suka kafa ƙungiyar ungozomomin Afganistan, Pashtoon Azfar ta zama shugabarta ta farko, kuma cikin shekara goma yawansu ya kai dubbai. Ita ma haɗaka ce, ta masu sana'a ɗaya. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ba wanda ya buƙaci a yi masa dogon bayani. Dattijon da ya binne matarsa da 'yarsa a kan haihuwa ya san amfanin ungozoma. Irin wannan ne ƙungiyoyin masu noman za'afaran a Herat da ƙungiyoyin adashi na ƙauyuka, sai kuma cibiyar 'yan kasuwa mata da aka yi wa rajista a 2017.

To, maganar kuɗi. Bayan 2001 kuɗin agaji ya kwararo kamar ruwan Agusta, kuma duk mai ba da kuɗi yana son ya ce ya taimaki matan Afganistan. Ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, wasu don aiki, wasu don kwangila. Wadda ta iya Turanci kuma ta iya rubuta takardar neman tallafi ita ke samu, ko da ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. Ayyuka suka koma na wata shida ko shekara ɗaya, bita a otal, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: abin da mai kuɗi ke so a wannan shekarar shi ake yi. Mafi muni, ƙungiyoyin da suka haɗu don su taimaki juna suka koma kishiyoyi a kan tallafi ɗaya, wani lokaci har da uwar ƙungiyar a cikin masu neman. Shirin Promote na Amurka, mai dala miliyan 216, an yi masa shela a matsayin mafi girman shirin tallafa wa mata da hukumar agajinsu ta taɓa yi. A 2018 mai binciken kuɗin gwamnatin Amurka ya ce bayan shekara uku mata 55 kacal ya samar wa aikin gwamnati. Sannan akwai ɓaraka tsakanin Kabul da karkara. Macen da ke Helmand ko Kandahar, wadda jirage ke yi wa ruwan wuta kuma sojoji ke fasa mata ƙofa da dare, babbar buƙatarta a daina yaƙi. Ta birni tana tsoron sulhun da zai rufe mata jami'a. Dukansu suna da gaskiya, kuma haɗakar ta fi jin muryar ta birni. Wannan rauni ne na gaske, kuma shi ya ba masu adawa damar cewa duk abin na 'yan bokon Kabul ne.

Ranar 15 ga Agusta 2021 Taliban ta shiga Kabul. Bayan kimanin wata guda aka mayar da ginin ma'aikatar mata ofishin hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Gidajen mafaka kusan duka suka rufe, aka daina aiki da dokar hana cin zarafin mata ta 2009. A watan Maris na 2022 'yan matan sakandare suka je makaranta da safe aka ce su koma gida. Ranar 20 ga Disamba 2022 aka hana mata jami'a, bayan kwana huɗu aka hana su aiki a ƙungiyoyi masu zaman kansu, a watan Afrilu na 2023 hanin ya kai ga ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Shehun Azhar duk sun fito sun ce hana mata ilimi ya saɓa wa shari'a. Adalci ne in ambaci cewa a watan Disamba na 2021 shugaban Taliban ya fitar da umarnin da ya haramta auren dole da bayar da mace don sulhu, wato abin da matan nan suka shekara ashirin suna faɗa. Amma umarnin bai ce komai kan karatu ko aiki ba, kuma an rushe wuraren da mace za ta kai kuka idan an saɓa masa.

Abin da ke tsaye a kan ofis da mota da asusun banki na waje ya rushe cikin makonni, kuma yawancin shugabannin sun bar ƙasar don tsira da rai. Ba na ganin laifinsu. Abin da ya rage shi ne sanayya. Shekara ashirin da biyar na tarurruka sun bar mata a kowane lardi da suka san juna, suka san wadda za a amince wa. Ta wannan hanyar aka ɓoye wasu, aka fitar da wasu, ake tura ɗan kuɗi ga malamar da ke koyar da 'yan mata goma a ɗakinta, kamar yadda aka yi a shekarun 1990, sai dai yanzu akwai waya da WhatsApp. Rediyo Begum, da Hamida Aman ta kafa a watan Maris na 2021, tana watsa darussan makaranta, duk da an taɓa dakatar da ita a farkon 2025. Sababbin ƙungiyoyin 'yan mata da ba su da rajista ko mai tallafi suka fito titi suna cewa nan, kar, azadi, wato gurasa, aiki, 'yanci, kuma an tsare da yawansu. Mata masu ƙananan sana'o'i na ci gaba da aiki, saboda hukuma ba ta hana kasuwanci gaba ɗaya ba.

Har yanzu akwai saɓani a tsakaninsu, kuma mai zafi ne. Mahbouba Seraj, dattijuwa da ta daɗe cikin jagorancin AWN, ta ƙi barin Kabul, kuma tana ganin dole a zauna da Taliban a yi magana, tunda su ke riƙe da ƙasa kuma mutane na mutuwa da yunwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke waje da matasan da suka sha ɗauri suna ganin duk zama da su halatta musu mulki ne, suna neman duniya ta ayyana abin da ake yi a matsayin wariyar jinsi, laifi a dokar ƙasa da ƙasa. Ni na fi karkata ga sauraron wadda ke ciki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma na ga yadda aka yi taron Doha na tsakiyar 2024 da Taliban ba tare da mace ko ɗaya daga Afganistan a teburin ba, kuma na fahimci fushin ɗaya ɓangaren.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ungozomomin nan. Su ne sashen da ya fi jurewa, domin ko Taliban ba ta yarda namiji ya duba mace ba, saboda haka aka bar mata ma'aikatan lafiya suna aiki, sau da yawa da muharrami a biye. Amma a watan Disamba na 2024 aka rufe wa mata makarantun koyon aikin jinya da ungozomanci, kuma a 2025 yanke tallafin Amurka ya sa ɗaruruwan ƙananan asibitoci suka rufe. Yarinyar da dattawan ƙauyensu suka zaɓa a 2006 yanzu ta doshi shekara arba'in, tana nan tana karɓar haihuwa a Badakhshan ko Daikundi. 'Yan matan da ya kamata su gaje ta an tsayar da su a aji shida tun 2021.